Watannin Da Waya Ta Yi Shiru

Ni mutumin karkarar Malumfashi ne, daga wani ƙauye da ba sai na faɗi sunansa ba. Kakana Bamaguje ne, ya karɓi addinin Kirista yana saurayi, ya kuma koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga a 1932 bayan wahalar da su Likita Miller na Wusasa suka sha wajen fassara shi. Saboda haka idan abokaina a nan jami'a suka tambaye ni, wai yaya aka yi na iya Hausa haka alhali ni Kirista ne, sai in yi murmushi kawai. Da wane harshe suke so in yi magana? Ba ni da wani.

A watan Satumba na 1921 ba a haifi ko kakana ba, amma watan Satumba na 2021 ba zan manta da shi ba. A watan nan ne aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Lokacin ina Zariya, ban daɗe da fara karatu ba. Kafin nan, a Disamban 2020, an riga an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, wadda ba ta da nisa da mu. To, mai karatu, ka duba halin wanda iyayensa ke can, ga jita-jita kullum, ga waya a hannu amma ba ta da amfani. Sai in kira lambar Baba sau goma a dare, na san sarai ba za ta shiga ba.

Tsoro dai mugun abokin kwana ne. Na daina barci, na daina cin abinci sosai, in malami na bayani a kan ginin jimla ni kuwa ina can ina lissafin gonarmu ta bakin daji, wadda masarar cikinta ce kuɗin makarantata. Na yi jarrabawar gwaji guda, na faɗi warwas. Addu'a ma ta gagare ni. In na durƙusa sai in ji kamar da bango nake magana, har na fara jin kunyar kaina, ina cewa ashe bangaskiyar tawa ta lokacin ƙoshi ce. Ran nan dai na haɗa kayana duka, da niyyar ba zan dawo ba, na hau mota zuwa Funtuwa, daga can na bi ta Bakori.

Na isa da la'asar na tarar da Inna tana sussukar wake a tsakar gida. Ta dube ni, ta dubi akwati, ba ta ce kome a kansa ba sai da na ci tuwo. Sa'an nan ta ce, "Kai kuma wa ya aiko ka?" Na ce mata hankalina ne ya ƙi kwanciya. Ta ce, "Mu ma namu bai kwanta ba. Jiya a gona muka kwana, cikin dawa, da ni da ƙannenka. Amma tsoro baƙo ne, ɗan nan. A ba shi ruwa ya sha, ba a ba shi ɗakin mai gida."

Da dare Baba ya tara mu don addu'a kamar yadda ya saba, ya miƙo mini littafin ya ce in karanta ƙarshen sura ta 4 ta Markus, tun da ni ne ɗan jami'a. Labari ne da na sani tun ina makarantar Lahadi: Yesu da almajiransa a cikin jirgi, hadari ya taso, ruwa na cika jirgin, shi kuwa yana barci a kan matashi. Amma a daren nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Waɗansu daga cikin mutanen nan masunta ne, sun san tekun Galili kamar yadda Baba ya san gonarsa. Tsoron nasu ba na wauta ba ne, jirgin da gaske yake nitsewa. Kuma ba da lafazi mai daɗi suka tashe shi ba, ƙorafi suka yi masa, kamar bai damu da su ba. Duk da haka wurinsa suka nufa da tsoron. Ni kuwa nawa tsoron na rungume shi ni kaɗai, ina jiran sai ya wuce tukuna in yi addu'a mai tsabta. Shi kansa Almasihu, a lambun Gatsemani, bai ɓoye nauyin da ke zuciyarsa ba.

Kada wani ya ɗauka bangaskiyar Baba ta rufe ido ce. Na roƙe shi ya bar gonar bakin daji, ya ƙi, amma kuma bai tafi shi kaɗai da asuba ba kamar da. Ya kira gayya, aka fita da hantsi, aka sa yara biyu a kan tudu suna duba hanya, kafin azahar kowa ya dawo. Kwana uku muka yi haka. Gefen da ya shige kurmi sosai kuwa ya ce a bar wa birai, rai ya fi buhu biyar. Rabin 'yan gayyar nan Musulmi ne, maƙwabtanmu, waɗanda su ma ba su tsira daga wannan masifa ba, don ɗan bindiga ba ya tambayar addinin saniya. Wani dattijo a cikinsu ya ga yadda nake waige-waige, ya ce, "Yaro, karya masararka. Mun yi namu, saura na Allah." Shi tawakkali yake kiran abin. Na san akwai bambanci tsakanin abin da muka gaskata, ba na kuwa ɓoye shi, amma a bakin dajin nan na gane maganarsa sarai.

Ba zan ce muku kome ya gyaru ba. Waya ba ta dawo ba sai wajen ƙarshen shekara. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da mu wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, a 2023 kuma aka janye tallafin mai, kuɗin mota da na taki suka yi tashin gwauron zabo. Akwai iyalai a ikkilisiyarmu da suka sayar da shanun noma don fansar nasu, akwai kuma waɗanda nasu ba su dawo ba. Su ma sun yi addu'a, wataƙila fiye da mu. Wannan tambaya ce da har yau ban iya amsa ta ba, kuma ina jin haushin mai wa'azin da zai amsa ta da sauri.

Ran da aka gama ɗaure buhuna, Inna ta fito da akwatina da kanta ta ajiye a ƙofar gida, ta ɗora ƙullin ƙuli-ƙuli a kai. Na ce, "Inna, in wani abu ya faru fa, yaya zan ji?" Ta ce, "Direbobin Funtuwa ba su mutu ba, za a aiko. Tashi, kada motar farko ta wuce ka." Baba ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a gajeriya, ya ɗauki akwatin ya aza a bayan keke, muka kama hanyar bakin titi.