Daƙiƙa Goma

Sautin daƙiƙa goma kacal na'urar SP-1200 ke iya riƙewa, wadda kamfanin E-mu ya fitar a 1987. Goman ma a rabe take gida huɗu, kowanne daƙiƙa biyu da rabi. Da wannan 'yar ma'ajiya masu haɗa kiɗan hip-hop na New York suka yi ta aiki shekara da shekaru. Sai su ƙara wa faifan garmaho gudu, su naɗa, sannan su rage gudun a cikin na'urar. Sautin ya fito da ɗan kaushi, har kaushin ya zama abin nema.

Yankan sautin ne ya fi ɗaukar hankalina. Mutum ya sunkuya kan ɗan allon da ba ya nuna komai sai haruffa da lambobi, yana matsar da mafarin sautin kaɗan-kaɗan, yana ta danna maɓalli ɗaya. In ka yanka da wuri, shiru zai riga bugun ganga fita, kiɗan ya riƙa jan ƙafa. In ka makara, ka sare kan bugun, ya fito ba kaifi. Kunne kaɗai ne alƙali.

Kwafin jerin bugu kuwa ba wuya, kuma sauƙin nan nasa ne ban yarda da shi ba: kwafi huɗu iri ɗaya sak sukan gundiri mai sauraro. Mai haɗa kiɗa J Dilla na Detroit yakan kashe tsarin da ke daidaita bugu a na'urarsa ta MPC3000, ya bar gangar ta ɗan riga ko ta ɗan makara, yadda yatsunsa suka buga ta. Na'urar tasa tana gidan tarihin Smithsonian a Washington yanzu.