Kunnen da aka bari a ƙasan teku

A gabar gabashin Afirka ta Kudu akwai wani kogi da ke gudu a cikin teku, ana kiransa Agulhas. Yana kwaso ruwa mai ɗumi daga Tekun Indiya ya gangara da shi kudu maso yamma, wani ɓangarensa kuma yakan ɓalle ya shiga Tekun Atilantika. Ɗumin nan yana da hannu a ruwan saman da ke sauka a kudancin nahiyar, don haka ƙaruwar ƙarfinsa ko raguwarsa ta shafi manomi kamar yadda ta shafi masani.

Daga 2010 zuwa 2013, tawagar Lisa Beal ta Jami'ar Miami ta jera na'urori a faɗin wannan kwarara. Cikinsu har da wadda ake kira ADCP, mai auna gudun ruwa da sauti. Tushen aikinta shi ne abin da Christian Doppler ya bayyana a 1842: jiniyar motar asibiti tana yin kaifi idan tana tunkaro mai sauraro, ta yi kauri idan ta wuce shi. Na'urar tana aika sauti ta fuskoki huɗu, ya bugi ƙananan halittu da ɓarɓashin da ruwa ke ɗauke da su, ya dawo. Canjin kaifinsa ne ke nuna saurin ruwan. Jinkirin dawowarsa kuma yana nuna nisan wurin da ya fito, domin sauti yana cin kusan mita 1,500 a sakan guda a cikin teku.

Saukar da ita aikin haƙuri ne. Ana ɗaura ta a doguwar waya tare da ƙwallaye masu tashi sama, jirgi ya yi ta sakin wayar a bayansa, daga ƙarshe a jefa anga, wadda sau da yawa tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa ne. Daga nan na'urar ta shiga duhu, tana adana abin da ta ji wata da watanni. Ranar ɗaukowa, jirgi ya aika siginar sauti, makulli ya saki anga, ƙwallayen su taso da kayan. Idan makullin ya ƙi amsawa, aikin shekara guda ya zauna a ƙasa.

Alƙaluman da suka dawo ma sai an tace su. Na'urar tana ɗauka cewa duk abin da ya maido mata sauti ruwa ne ke tafiya da shi, alhali ƙananan halittun teku suna haurowa sama da magariba su koma ƙasa da asuba da ƙarfin kansu. Kusa da saman ruwa amsa-kuwwa tana yin yawa, dole a zubar da wannan sashe. Idan ruwa ya yi ƙarfi, wayar takan kwanta, na'urar ta nutse fiye da inda aka ajiye ta, sai ma'aunin nauyin ruwa ya faɗi ainihin zurfinta. Kamfas ɗinta kuma arewar maganaɗisu yake nunawa, sai an gyara lissafi kafin a san inda ruwan ya dosa.

Bayan wannan tacewa, an gano Agulhas yana tura kusan mita kubik miliyan 84 a kowane sakan. Beal da Shane Elipot suka haɗa awon da bayanan tauraron ɗan Adam na shekara 22, suka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2016. An yi zaton ƙaruwar iska za ta ƙara wa kwararar ƙarfi. Awon ya nuna tun farkon shekarun 1990 faɗi ta ƙara, saboda yawaitar juye-juyen ruwa a cikinta, ƙarfinta kuwa bai ƙaru ba.