Daren da Gyare Ya Yi Shiru

A zangon da ya wuce ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ta yi shawarar shirya ɗan fim na ban tsoro da wayar hannu. Farkonsa minti biyu ne kacal: wata yarinya ce za ta rijiya da dare, da fitila a hannunta. Aka ce ni zan zaɓi sauti da kiɗa. Na ce ai wannan ba wuya. Ashe ban san dawan garin ba.

Da fari na tara tsawa, da kukan kura, da ihun mace, na zuba duka. Da muka kunna wa 'yan ajinmu, maimakon su razana sai suka bushe da dariya. Kunya ta rufe ni.

Sai na tuna da garaya. A makarantar mishan inda na tashi, in muka jiwo ta da dare daga cikin gari sai mu ƙudundune cikin bargo, don an gaya mana kiɗan bori ne. Na ce to, ga abin da zai sa tsigar jiki ta tashi. Amma abokina mai ɗaukar hoto ya ɓata rai. Ya ce, "Malam, kakana makaɗin garaya ne, da ita ya ciyar da mu. Kai dodo kake ji, ni kuwa gida nake ji." Na rasa ta cewa. Na kwana ina tunani, na ga lalle in na sa ta, na koya wa mutane tsoron kakan wani ke nan.

Kashegari na kai wa malaminmu kuka. Ya ce manyan gwanaye ba su cika kaya ba. A fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock, na 1960, Bernard Herrmann bai yi amfani da kome ba sai kayan kiɗa masu tsirkiya, dangin goge. Ƙarar sukar wuƙa kuwa, wani ɗan itace dangin kankana aka yi ta cakawa. A Jaws na 1975, amo biyu tak John Williams ya yi ta maimaitawa, mutane suka riƙa tsoron shiga teku.

Da dare ya yi, ni da abokin nan muka zaga bayan ɗakin kwana. Muka ɗauki kukan gyare, da takun ƙafa bisa tsakuwa, da ƙarar igiyar guga a bakin rijiya. Muka bar gyare yana ta kuka tun daga farko, har kunne ya saba. Yarinya na leƙa rijiya sai muka yanke kome, shiru har daƙiƙa biyar. Sa'an nan aka ji taku ɗaya a bayanta, alhali ita tana tsaye.

Ranar da aka nuna, zaure ya yi tsit, sai wata daga baya ta ce, "Wayyo Allah!" An ce gani ya kori ji, amma a daren nan ji ne ya yi aiki, gama ba dodon da muka nuna.

Garaya kuwa ba mu yar da ita ba. Mun sa ta can ƙarshe, sa'ad da gari ya waye yarinya ta komo gida lafiya.