Tun daga taswira ake cin wasa

'Yan uwa, daren Asabar na tarar da babban ɗana yana huci a gaban kwamfuta. Wasan Stellaris yake yi, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2016, inda mutum ke kafa daula a tsakanin taurari. Sau uku a jere ana cinye shi.

Na ce ya nuna mini yadda ya fara. Ashe da hannunsa ya zaɓi ƙaramar taswira mai taurari 200, ya cika ta da dauloli, ya kuma rage hanyoyin da ke haɗa taurarin. Kafin ya miƙe, maƙwabta sun toshe masa mafita. Da ya koma mai taurari 600, sai ya samu sararin gini da ƙulla abota kafin yaƙi.

Nan take Suleja ta faɗo mini a rai. A 1976 aka yanki ƙasa mai yawa daga masarautarmu don sabon babban birni, har sunan Abuja ya bi ta. Yau ga cunkoso, ga tsadar haya.

Don Allah, in an kira taron raba filaye ko fitar da hanya a unguwa, mu halarta. Ranar da aka zana taswira ake yanke abin da 'ya'yanmu za su gada.