Burodi da Wagashi a Garu

Duk wanda ya baro Malanville ya iso Garu, kada ya wuce teburin mai shayi. Nan za a tsaga masa dogon burodin Faransa, a shimfiɗa soyayyar hanta da albasa, a ɗora yankan wagashi, a barbaɗa yaji, a miƙo masa a buɗe. Kafin shayi ya huce an gama.

Wagashin nan matan Fulanin Alibori ke yin sa. Su daskarar da madara da tumfafiya, su rina da karan dafi. Da aka rufe gadar Gaya a 2023, matafiya suka ragu, ciniki ya ja baya. Jama'a, mu ne kasuwarsu. Kafin mu saya wa yara cukun kanti, mu tuna da na gida.