Hanyar jakai zuwa saman Bagazam

Tun da na saka hotunan wata tafiya da na yi mutane ke ta tambayata ko ina ne, wasu har suna cewa ba a Nijar aka ɗauke su ba. A Nijar ne. Dutsen Bagazam ne da ke ƙasar Abzin, arewa maso gabas da Agadez, kuma a kansa wuri mafi tsayi a duk ƙasar yake, wato ƙololuwar Idukal-n-Taghes mai mita 2,022. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Tsofaffi sun san dokin Bagazam da darajarsa a wajen sarakuna, Gobirawa kuma suna ba da tarihin cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Amma mu nawa muka taɓa ganin dutsen da idonmu?

Daga wajen Tabelot muka ɗauki hanya, bayan sallar asuba, a tsakiyar hunturu. Mota ta ajiye mu a gindin dutse, jakai suka ɗauki kaya da jarkokin ruwa, mu kuma kowa ya dogara da ƙafarsa. Jagoranmu dattijo ne daga Kel Ewey, Abzinawan da ke zaune a wannan yanki. Ya naɗe fuska da rawani sai idanu, takalminsa fade ne da ya sha ɗinki, Hausarsa kuwa tsaf, don ya yi shekaru yana bin ayari zuwa Damagaram da Kano.

Hanyar ta kutsa ne cikin wani kwazazzabo tsakanin manyan duwatsu. A wasu wuraren faɗinta bai wuce na jaki ɗaya da kayansa ba, dama bango, hagu rami. Da farko sanyi ne ke cizon yatsu, can rana ta leƙo sai gumi ya karyo. Ba a jima ba na fara jin bugun zuciyata a cikin kunne. Na yi ƙoƙarin ƙara sauri don in gama da wahalar, sai dattijon ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, ina za ka da gaggawa? Dubi inda jaki ya sa ƙafa, ka sa taka."

Na ce, "Baba, saura nisa?"

Ya ce, "Da saura. Sha ruwa."

Na bi maganarsa, sai na fara lura da abin da ke ƙarƙashin ƙafata. Duwatsun da ke tsakiyar hanyar sun yi sulɓi, har suna ƙyalli, saboda kofato da tafin ƙafa da suka daɗe suna gogarsu. A wuraren da ruwan damina ya zaftare, an jera duwatsu da hannu, babba a ƙasa ƙarami a sama, babu siminti ko kaɗan. Wani ya tsaya a nan cikin rana ya yi wannan aiki saboda mai zuwa a bayansa, bai kuma rubuta sunansa a ko'ina ba. Wallahi wannan ya taɓa ni tun kafin in ga komai a sama.

Muna cikin hawa sai muka ji kira daga bisa. Muka raɓe jikin dutse, jakai suka fara gangarowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da buhun albasa a kowane ɓari, wani yaro da bai wuce shekarun makarantar firamare ba yana bin su da 'yar sanda. Ya gaishe mu, ya wuce yana tsallake duwatsun da ni nake rarrafawa a kansu. Hanyar da muka baro gari muka zo hawa don buɗe ido, ita ce hanyar kasuwarsa, ita ce ta asibitin mahaifiyarsa.

Saman Bagazam ba tsini ba ne kamar yadda ake zato. Fili ne mai faɗi, tsawonsa ya kai wajen kilomita 40, da ƙauyuka da masallatai da awaki, da lambuna da ke shan ruwan idanun ruwa da rijiyoyi. Ana noma albasa da tafarnuwa da dankalin turawa da alkama. Akwai ma zaitun na daji, tsiron da ya saura tun zamanin da Sahara ke da dausayi. Masana duwatsu sun ce duwatsun Abzin sun haura shekara miliyan 400, kuma jeri ɗaya suke da na Damagaram da na Jos, sai dai na arewa sun girmi na kudu.

Da la'asar sakaliya dattijon ya kai mu bakin dutsen ta gabas, inda ƙasa ke yankewa gaba ɗaya. Na tsaya, gwiwoyina suna rawa, ban san ko gajiya ce ko tsoro ba. Can ƙasa koramu sun miƙe farare cikin baƙaƙen tsaunuka, gefensu kore shar da goruba da dabino da lambuna, kamar an yi wa baƙar riga aiki da koren zare. Bayan su tsaunukan suna ta ƙanƙancewa har su narke cikin hazo. Ya miƙa hannu wajen hazon ya ce can ne Tenere, ta can ake bi zuwa Fachi da Bilma. Ya ba mu labarin yadda suke fita da raƙuma bayan damina ɗauke da gero, su dawo da kantun gishiri da dabino, su ɗan huta, su sake ɗaura kaya zuwa ƙasar Hausa. Gishirin da kakanninmu suka ba shanunsu, ta wannan sararin da nake kallo ya ratso.

Ba wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Na sami kaina ina ta maimaita Subhanallah. Hoto ba ya ɗaukar iskar wurin, ba ya ɗaukar nisan, shi ya sa waɗanda na saka ba su kai rabin abin ba. Muka yi sallar magariba a kan dutse, aka hura gawayi aka ɗora shayi, aka dama fura da cuku da dabino. Sanyin daren nan sai da ya shiga ƙashi.

Akwai abin da ke damuna, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Heinrich Barth ya ratsa Abzin a 1850 ya rubuta abin da ya gani. UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin kayan tarihin duniya a 1991, ta ƙara da tsohon birnin Agadez a 2013. Turawa sun yi shekaru suna zuwa hawan nan, har tawayen 2007 da matsalar tsaro da ta biyo baya suka kore su, jagorori da masu jakai da maƙeran azurfa suka rasa ciniki. Mu da muke maƙwabta, muke jin yaren juna, muke cin albasarsu, ba mu maye gurbin ba. Matashinmu zai tara kuɗi ya tafi Dubai, bai taɓa tunanin Agadez ba.

Ban ce kowa ya ɗauki jaka gobe ba. Maganar tsaro gaskiya ce, dole a tambayi hukuma da mutanen gari halin da ake ciki kafin a tashi, kuma ba a shiga dutsen nan ba tare da ɗan ƙasa ba. A je da hunturu, da takalmi mai riƙe ƙafa da bargo mai kauri. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, musamman mata. Kuma don Allah idan aka zo sallamar jagora da mai jakai kada a tsaya ciniki irin na kasuwa, domin bayan ka koma mota ka miƙe ƙafa, su sai sun sake hawa kafin su isa gida.