Tambayar da Baba ya yi mini a gindin rumbu

Saura kwana 10 in tsaya gaban malamai a jami'ar Maradi in gabatar da bitar ayyukan da suka gabata, sai malamina ya mayar mini da takarduna. Ya ce na jera sunayen masana kamar mai kiran ɗalibai a aji, wane ya ce, wane ya ce, ni kuwa ban ce komai ba. Gaskiya ya faɗa, ta kuma yi mini zafi. Fannina shi ne nazarin ƙwayoyin gado da kwamfuta, batuna kuma gero. Idan na kasa a wannan mataki, binciken digirina na biyu zai tsaya.

Na tattara na tafi gida Safo, da niyyar in yi ta maimaita jawabin inda babu hayaniya. Da yamma Baba yana zaune gindin rumbu yana ware zangarnun da za a ajiye iri. Ya ce, "To malam, karanta mana abin da ya hana ka barci."

Na fara da Faransanci, ya ɗaga hannu. Dole na koma Hausa, nan na gane rabin kalmomin da nake taƙama da su ban san ma'anarsu ba. Na dai lallaɓa na ce masa a 2017 masana, ciki har da na ICRISAT, sun karanta kundin gadon gero, suka sami ƙwayoyin gado fiye da 38,000, kuma aikina shi ne kwatanta irin waɗannan bayanai a kwamfuta.

Ya ce, "Geron wane gari suka karanta?"

Na yi shiru. Na ambaci aikin nan sau da yawa, ban taɓa tambayar kaina haka ba. Da dare na duba. Geron da aka ɗauka ma'auni, wanda ake gwada sauran da shi, an tace shi ne a Tifton, jihar Jojiya ta Amurka. Ba zangon da ke rumbunmu ba ne.

Tambayar ta sa na koma kan wani aiki na 2011 da na karanta sama-sama. Masu binciken sun kwatanta irin geron da aka tara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka tara a ƙauyukan nan dai a 2003. Na baya ya fi saurin fitar da kai, kuma nau'in ƙwayar gadon PHYC mai sa saurin fure ya ƙaru a cikinsa. Wato bayan shekarun fari, geron ƙauye ya sauya a hannun manoma. Washegari na faɗa wa Baba. Ya yi dariya ya ce, "Da ka tambaye ni, da ka huta da sayen kati."

Na rushe bitar na sake gina ta kan tambaya ɗaya: me aka sani game da gadon geron da manomanmu ke shukawa, me kuma ya rage? Takardun da ba su taɓa tambayar ba na ajiye su, ko da na sha wahalar samunsu.

Ranar gabatarwa muryata ta yi rawa a farko. Da wata malama ta tambaye ni dalilin zaɓen wannan batu, ban leƙa takarda ba. An ce in ci gaba da binciken. A jakata akwai zangarnu uku da Baba ya ɗaure mini da kaba, ya ce in kai wa kwamfutar ta karanta.